Bakin Wayar da Aka Bari a Sake

Ranar Laraba da hantsi Manaja ya kira ta ofis, bai kuwa ce ta zauna ba. A gidan ƙyanƙyasar kajin nan kowa Injiniya yake ce mata, waɗansu da zuciya ɗaya, waɗansu da ɗan murmushi a gefen baki, amma ranar ko wannan sunan bai fito daga bakinsa ba. Hoto ya turo mata a kan tebur: faranti cike da ƙwai da suka cika kwana ashirin da ɗaya ba su fashe ba, nan da can wani ɗan tsako ya huda ɓawo da baki ya mutu a haka. Ta san farantin. Shekaranjiya ta tsaya a kansa har idanunta suka ciko, ta fake da gyara ɗankwali don kada ma'aikata su gani.

Ya ce mata a zubin da ya wuce ko rabi ba su fito ba. Ya ce ranar Asabar da safe motar sabon ƙwai za ta iso, kuma idan har zuwa lokacin allon kwamfutarta mai nuna zafin ƙwai bai daina ƙarya ba, zai sa a kwance na'urorinta kaf, a dawo da tsofaffin ma'aunan gilashi, ma'aikata su riƙa leƙawa suna murɗa zafi da hannu kamar da. Ita kuma ta koma ɗakin wanke faranti, inda ta fara. Bai ɗaga murya ba. Da ma ba ya ɗagawa, shi ya sa maganarsa take zama wa mutum a ƙirji kamar dutse.

"Kwana uku sun ishe ni, ranka ya daɗe," ta ce.

"Haka kika ce wancan karon."

Ta fito. Aikin nan nata ne tun daga tushe. Shekara huɗu ta yi tana wanke faranti da safe, da yamma ta wuce kwalejin fasaha da warin ƙwai a hannun riga, har ta kawo wa Manaja zane ta ce ta iya. Injinan ƙyanƙyasa goma sha biyu ne a dogon zauren, kowanne kamar ƙaramin ɗaki na ƙarfe. A cikin kowanne ta dasa na'urar jin zafi, wata 'yar siririya kamar yatsa, ta ja waya daga nan zuwa ɗakin allo, tafiyar taku saba'in, inda kwamfuta ke karanta zafin, ta kunna abin ɗumi ko ta kashe. Ƙwai digiri talatin da bakwai da rabi yake so, ba ƙari ba ragi. Saƙon da na'urar ke aikowa kuwa ba shi da ƙarfi ko kaɗan, raɗa ce kawai ta wuta, don haka ta zaɓi waya mai riga, wato wadda aka lulluɓe da saƙar jan ƙarfe mai tare hayaniyar wutar waje. Wata guda layin zafin ya yi a allo a miƙe kamar zaren da aka ja. Daga nan ya fara rawa. Sai ya yi tsalle sama, kwamfuta ta ɗauka ƙwai na dahuwa ta kashe ɗumi. Sai ya faɗo ƙasa, ta hura musu zafi. Ta canza na'urori uku, ta bi lissafin kwamfutar layi-layi, ba ta ga komai ba.

Ta ja kujera gaban allon, ta ɗauko littafi da biro, ta yi wa kanta alkawari ba za ta taɓa ko sukuru ɗaya ba sai ta san lokacin da abin ke tashi. Injinan babu ƙwai, amma ta bar su a kunne. Dogo, mai kula da zauren, ya jingina da ƙofa da kofin shayi, yana tambayarta ko fim ɗin ya yi daɗi, ya kawo gyaɗa. Goma da minti goma layin ya girgiza, ta rubuta. Ya lafa. Ƙarfe biyu daidai ya sake, a wannan karon kuma ta ji wani abu a tafin ƙafarta, ta ga birorin da ke cikin gwangwani a kan tebur suna kaɗawa a hankali. Injin niƙan abincin kaji ne aka tayar a ginin baya. Kullum ana tayar da shi, kunnuwansu sun saba har sun daina ji.

Dogo ya ajiye kofi, ya ce ai in dai wannan ne ya san magani. A wani wuri da ya taɓa aiki, wani gwani ya zare wayar ƙasa, mai kwashe wutar da ta zubo, daga filogin allo, hayaniya ta ɗauke ɗif, kowa ya huta.

"Ranar da wuta ta zubo a jikin allon fa, wa za ta bi?" ta tambaye shi ba tare da ta juyo ba. "Kai da ke jingina da komai."

"Ni shawara na bayar, Injiniya."

"Je ka ba wa Baba ita. Zan tsaya daga nesa in kalla."

Dogo ya kama kunnensa, ya ce ya janye, yana da iyali.

Baban da take nufi mahaifinta ne, babban mai gyaran wuta na gidan, shekara talatin da ɗaya yana nan. Baba Mai Wuta ake ce masa. Kowace safiya kafin kowa ya sa rigar aiki ya riga ya zaga ginin da tocila da sukundireba, yana taɓa wannan, yana ƙara ɗaure wancan. Kowa ya san dalilin da ya sa ba ya wasa da wayar ƙasa. Yana saurayi abokin aikinsa ya dafa jikin wani inji da aka manta ba a haɗa da ƙasa ba, a gabansa, kuma shi ya kai labarin gidan mamacin. Tun daga ranar duk wayar da ya gani a sake, a wurinsa kabari ne da aka haƙa ana jiran mai shi.

Da yammacin nan ta jawo doguwar waya daga wayar ƙasa ta allo har zuwa zauren, ta sa mitar auna wuta tsakaninta da jikin inji na bakwai, ta roƙi mai niƙa ya tayar mata na minti biyar. Lambobin mitar suka hau har kusan volt biyu. A takarda ƙasa ɗaya ce, amma a ginin nan ƙasan zaure daban, ƙasan ɗakin allo daban, duk sanda babban injin ya ja wuta sai tsakaninsu ya buɗe. Wannan bai kamata ya dame ta ba. Ta san ƙa'idar tun a aji: rigar waya baki ɗaya ake haɗa ta da ƙasa. Idan aka haɗa baki biyu, ta zama hanya, wuta ta bi ta ciki ta zagayo ta ƙasa ta dawo, tana ta kewaye, tana zuba hayaniya a kan raɗar da aka sa ta karewa. Ita kuwa da hannunta ta haɗa rigar a wajen allo kawai, a wajen injina ta yanke ta naɗe da baƙin tef. Shi ya sa duk neman da ta yi ba ta taɓa buɗe ƙananan akwatunan da ke bayan injinan ba. Ta yarda da aikinta.

Ranar Alhamis da safe ta durƙusa a bayan inji na ɗaya, a matsatsin da ke tsakaninsa da bango, inda ɗumi da warin gashin tsaki suke taruwa, ta kwance murfin akwatin. Babu baƙin tef. An murɗe saƙar jan ƙarfen ta zama jela ɗaya, an zura mata kore da rawayan bututu, an lanƙwasa bakin ya yi zobe kamar ɗan kunnen amarya, an zaunar da shi a ƙarƙashin sukuru a jikin injin, lanƙwasar tana bin inda sukurun ke juyawa don kada ɗauri ya buɗe ta. Aiki ne mai kyau har ya ba ta tausayi. Ta san hannun. Tana 'yar shekara bakwai, a kan tabarma, da guntayen waya, wannan hannun ya riƙe nata ya koya mata wannan zoben.

Ta daɗe a durƙushe. Na biyu haka, na uku haka, har goma sha biyu. Ta gane abin da ya faru kamar tana wurin: ya zo zagayensa na safe, ya buɗe, ya ga 'yarsa ta bar waya a sake a aikinta na farko, a gidan da ake jiran ta yi kuskure. Bai faɗa wa kowa ba, bai faɗa mata ba. Ya gyara ya rufe, ya rufa mata asiri.

Ta ɗauko filaya. Ɗaya bayan ɗaya ta yanke zobban, ta naɗe bakin da tef, tana zuba guntayen a aljihu don kada a gan su a ƙasa. Da aka tayar da niƙa ƙarfe biyu, layuka goma sha biyun suka kwanta a allo, ko gezau. Dogo ya ce a ba shi sirrin, ta ce addu'a ce. Ta je ta gaya wa Manaja ya zo gobe ƙarfe goma ya gani da idonsa. A motar ma'aikata ta zauna kusa da Baba kamar kullum, ta karɓi jakarsa ta ɗora a cinya, suka yi hirar ciwon gwiwarsa da tsadar hanya, ba ta ɗauko maganar zobban ba.

A gida ta tarar da mijinta a falo, malamin makaranta ne, ya baza littattafan ɗalibai yana duba su da jan biro. Ta zazzage masa zobban a tafin hannu, ta ba shi labari tun daga farko. Ya juya ɗaya a yatsa, ya ce wallahi da zinariya ne da ya huta da sayen 'yan kunne. Sannan ya daina dariya, ya tambaye ta yaushe za ta faɗa wa tsohon.

Ta ce ba za ta faɗa ba. Yaya za ta kalli mutumin da ya koya mata riƙe filaya ta ce masa shi ya kashe 'yan tsaki dubbai? An gyara, ya wuce.

"Ranki ya daɗe," ya ce a hankali, "ke kin yi shiru don kada ya ji kunya, shi ya yi shiru don kada ki ji kunya. Gidanku akwai ladabi, amma kaji ne ke shan wahalarsa."

Ta jefe shi da matashin kujera. Ya cafe, ya jawo hannunta ya riƙe, yana shafa inda filaya ta yi mata kanta, bai ƙara magana ba. Ta ji daɗin shirun, ta kuma ji haushin cewa yana da gaskiya, ta zaɓi ta manta da na biyun.

Ranar Juma'a ƙarfe goma Manaja ya shigo ɗakin allo, hannuwa a baya. Dogo ya goge masa kujera, ya ƙi zama. Goma da minti goma birorin cikin gwangwani suka fara kaɗawa. Ta ɗaga kai da murmushin da ta tanada tun jiya, sai ta ga layi na ɗaya ya yi tsalle, na biyu ya bi shi, cikin ƙiftawar ido duka goma sha biyun suna rawa kamar ba a taɓa yi musu komai ba.

Manaja ya kalla na minti ɗaya cur, ya juya. Ta sha gabansa a bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce ta san abin da ya faru, ya ba ta zuwa ƙarfe huɗu. Ya dube ta kamar yana auna ko tausayi ya dace da mai kula da ƙwai dubu goma sha takwas. Ya ce ƙarfe huɗu zai zo da mutum biyu da sifana, su fara kwancewa, don a samu a rataye ma'aunan gilashi kafin mota ta iso.

A bayan inji na ɗaya ta samu abin da ta zata. Sabon zobe, ya fi na jiya kyau, a wannan karon har da 'yan faifan ƙarfe masu rami biyu a ƙarƙashin sukurun da ɗigon jan fenti a kai, don duk wanda ya kwance a gane. Dariya ta taso mata tare da kuka, ta haɗiye duka biyun, ta miƙe ta kaɗe gwiwa. Yankewa a ɓoye ba za ta yi ba. Ko ta yanke yau, gobe da asuba tocila za ta zo, ƙwai kuma na ciki.

Ɗakin aikinsa yana ƙarƙashin matakala, ƙunci ne da shi amma ko ƙura babu. Kowane kayan aiki yana rataye a ƙusa, an zana siffarsa da fenti a bango don a san wanda ya ɓata. Ta same shi yana tsoma burodi a shayi, gilashin idonsa a goshi. Ta gaishe shi a tsaye, sannan ta durƙusa, ta ciro zobban jiya daga aljihu ta jera su a kan benci.

Ya kalle su, ya sauke gilashin a hanci. Ya ce to, ta gani ke nan. Ya ce da ma bai so ta sani ba. Wata biyu da suka wuce ya tarar ta manta da bakin wayoyin nan, ya ɗaure mata, ai yaro ba ya rasa mantuwa. Yau da safe kuma ya tarar wani mara tsoron Allah ya bi ya yanke su duka, kuma yana zargin dogon nan mai shayi, zai gamu da shi.

"Ni na yanke, Baba."

Ya ajiye burodin.

"Ba mantuwa na yi ba. Da gangan na bar su a sake tun farko. Ɗaurin ne ke sa allon rawa."

Ta ga jijiyar wuyansa ta motsa. Da ya yi magana, a hankali ya yi, kuma bai ce mata Auta ba kamar yadda yake ce mata in su biyu ne.

"Injiniya. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa barin waya tana lilo a ginin nan ba. Yau ke za ki ce min haɗa ƙarfe da ƙasa laifi ne? A wane littafin?"

Ta so ta ce a kowane littafi. Ta cije leɓe. Ta san littafi ba zai motsa mutumin da ya taɓa ɗaukar gawar abokinsa ba. Ta ɗaga ido ta dubi bango, inda tsohuwar mitarsa mai allura take rataye a jakar fata, wadda ya fi yarda da ita a kan duk masu lambobin zamani.

"Kada ka yarda da ni, Baba. Ɗauko mitarka. In allurarta ba ta motsa ba, da kaina zan je in ce wa Manaja a kwance, in koma wanki."

Ya gama shayinsa har ƙasan kofi, ya wanke kofin, ya kife. Sannan ya miƙa hannu ya sauko da mitar.

Biyu saura minti biyar suna matse a bayan inji na bakwai, kafaɗa da kafaɗa. Ta ce shi zai kwance, ba za ta sake taɓa ɗaurinsa ba. Ya fasa jan fentin da kansa, ya zare zoben, ya ɗora tsinken mita ɗaya a kansa, ɗaya a jikin injin. Allura tana kwance. Ya dube ta ta saman gilashi. Ta ce su jira. Ta kira Dogo a wayar hannu ta ce ya tsaya gaban allo, kada ya kashe. Zafi ya ishe su, gumi na ɗiga daga haɓar tsohon. Idan mai niƙa ya makara fa? Idan yau abin ya ƙi?

Ƙasa ta yi gurnani a ƙarƙashin gwiwoyinsu. Allurar ta ɗaga kai, ta hau, ta tsaya tana karkarwa kusa da biyu.

Baba ya cire tsinken ya mayar. Ya ƙwanƙwasa gilashin mitar da farce. Ya juya ta zuwa ma'aunin gudun wuta, ya sake haɗawa, allurar ta sake tashi.

"Ƙasa da ƙasa?" ya ce, kamar da mitar yake magana.

"Ƙasa da ƙasa, Baba. Wancan bakin yana ɗaure a allo. In ka ɗaure wannan ma, ka ba wa wutar niƙa hanya ta cikin rigar. Na'urata raɗa take yi, wannan kuwa ihu ne a kunnenta."

Daga wayar hannun muryar Dogo ta fito, yana cewa na bakwai ya kwanta kamar jariri, sauran sha ɗayan kuwa sai ka ce an saka musu kiɗa.

Tsohon ya zauna dirshan a ƙasa, mitar a cinya. Ta ga lokacin da lissafin ya isa inda take tsoro: wata biyu, farantan da ba su fashe ba. Fuskarsa ta sauya, ya tsufa a gabanta cikin daƙiƙa kaɗan. Ta so ta rungume shi, ta ce ba komai, amma ta san ba zai yafe mata wannan ƙaryar ba. Sannan ya nuna jikin injin da sukundireba ya tambaye ta, in wayar abin ɗumi ta goge ta taɓa ƙarfen nan, mutum ya dafa, sai yaya?

Ta kama hannunsa ta ɗora a kan ƙatuwar wayar nan kore da rawaya da ta fito daga ƙafar injin ta shige bango, wadda shi ya ja ta tun kafin a haife ta.

"Wannan ce mai tsare rai. Ban taɓa ta ba, ba kuma zan bari kowa ya taɓa ba. Rigar ba ta tsare mutum, saƙo take tsarewa. Da na faɗa maka haka tun ranar da na ja wayar, da ba mu zo nan ba. Laifina ne da na yi shiru, jiya ma na sake."

Ya girgiza kai, ya ce kada ta raba masa laifinsa, ya ishe shi ɗauka. Ya share fuska da hula, ya miƙe da ƙyar yana dafa bango. Sai kuma muryar aiki ta dawo masa. Ya ce ya yarda a bar su a sake, amma ba da wannan ƙazamin tef ɗin nata ba, wanda zafi zai saki cikin wata uku. Kowane baki za a yanke shi daidai, a zura masa bututun roba a gasa ya kama, a ɗaure shi a jikin wayar don kada ya yi lilo. Kuma kowane akwati za a rataya masa alama, a rubuta cewa da gangan aka bari, don wani tsoho mai tocila zai zo bayansa, shi ma yana ganin taimako yake yi.

Haka suka bi layin. Shi yana yanka yana gasawa, ita tana rubutu a ƙananan farantai na roba da ya ciro daga aljihu, don idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe yanzu: A BAR SHI A SAKE. AN HAƊA A WAJEN ALLO. A na huɗu ya ce rubutunta kamar tafiyar kaza, ta ce a gidan kaji take aiki. Bai yi dariya ba, amma ya miƙo mata filayarsa ta riƙe masa, abin da ba ya yi wa kowa. Huɗu saura kwata suka rufe na goma sha biyu.

Manaja bai makara ba, mutum biyun suna bayansa da sifana. An riga an tashi daga niƙa, sai da ta je da kanta ta roƙi mai injin ya sake tayarwa, ya kuma cika shi da masara don ya ja wuta sosai. Suka tsaya a ɗakin allo, birori na kaɗawa a gwangwani, layuka goma sha biyu a miƙe. Minti biyar, minti goma. Manaja ya tambayi abin da ya faru da safe. Ta fara cewa an samu rigar wayar a haɗe baki biyu, tana zaɓen kalmomi kamar mai tafiya a kan ƙwai, sai Baba ya katse ta daga bakin ƙofa.

"Ni na haɗa, ranka ya daɗe. Sau biyu. Aikinta daidai yake tun farko. In akwai wanda za a mayar wanke faranti, ga ni."

Manaja ya dube shi, ya dubi allon. Sai da aka cika rabin sa'a sannan ya sallami masu sifana. Ya ce gobe za a zuba ƙwai a kan na'urorinta, amma za a rataye ma'aunin gilashi a kowane inji, Dogo ya riƙa dubawa kowace sa'a yana rubutawa, kuma ranar da gilashi da allo suka saɓa da rabin digiri, maganar ta ƙare. Ya ce Baba ya same shi a ofis ranar Litinin. Dogo ya buɗe baki zai yi ƙorafin kowace sa'a, ya haɗa ido da tsohon, ya rufe.

Ta ce ta amince. A ranta ta san tun farko haka ya kamata ta yi.

Ranar Asabar motar ta iso da sassafe. Aka yi ta turo farantai a kan amalanke, farare tas, jere-jere, ana zura su cikin ɗumi, ƙofofin ƙarfe suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta rubuta rana ta ɗaya a saman sabon shafi, ta ja kujera gaban allon. Saura kwana ashirin, kuma ba ta da niyyar yarda da komai sai ta ji kukan tsaki da kunnenta. Goma da minti goma aka tayar da niƙa. Tana nan idonta a kan layukan, ba ta ji shigowarsa ba sai da ya yi gyaran murya. Mitar mai allura tana rataye a kafaɗarsa, aljihunsa ya kumbura da farantai na roba.

"Auta, in kin gama kallon layinki, ki taso," ya ce. "Akwai wasu wayoyi masu riga shida a ɗakin sanyi, inda ake ajiye ƙwai. Tun bara na ɗaure su."